Hujin da ke jikin ganye shi ke faɗin sunan ɓarawo: ƙwari masu sulke a lambun gida

Kuɓewata na da kwana goma sha biyu da tsirowa na fito da hantsi na tarar ganyenta ya koma rariya. Ƙananan huji ne birjik, kowanne bai kai kan ashana ba, kamar wani ya zauna ya bi ganyen da tsinke. Na sunkuya na kai hannu, sai wasu 'yan ƙwari masu sheƙi suka yi tsalle suka ɓace.

Ranar na tafi wajen wani mai sayar da magungunan gona. Na ce, "Malam, ƙwari ne suka sa kuɓewata a gaba." Bai tambayi kalarsu ba, bai tambayi kwanan shukar ba. Ya miƙo kwalba ya ce, "Yallaɓai, wannan ba ya barin komai." Bai kuwa yi ƙarya ba. Na feshe lambun kaf, har da waken da ke gefe, wanda babu abin da ya same shi. Bayan mako uku darɓa ta lulluɓe waken, ganye ya yi danƙo ya nannaɗe, tururuwa na hawa da sauka. Sai daga baya na gane cewa cikin abin da na kashe har da ƙwarin da ke cinye darɓar, masu yi mini gadi ban sani ba. Masu tsallen kuwa sun dawo tun kuɓewar ba ta yi fure ba.

Ƙwarin da nake magana a kansu su ne dangin buzuzu, masu sulke a baya. Fukafukinsu huɗu ne. Biyun sama sun taurare sun zama murfi, sun haɗu a tsakiyar baya da miƙaƙƙen layi kamar tsagar ƙwallon dabino. Biyun ƙasa sirara ne, a naɗe suke a ƙarƙashin murfin, da su ake tashi. Bakinsu na tauna ne, shi ya sa ɓarnarsu take zama huji ko rami ko karta, saɓanin darɓa da farin ƙuda masu tsotse ruwan ganye ba tare da sun huda shi ba. Masana sun ƙidaya kusan iri 400,000 na wannan dangi a duniya, amma waɗanda ke hana mai lambu barci a ƙasar Hausa ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ƙwaron da ake gani a kan ganye yana zangon ƙarshe ne na rayuwarsa. Ya fara daga ƙwai, ya zama tsutsa, tsutsar ta kwanta ba ci ba motsi tana sauya kama, sannan babban ya fito. A wajen da yawansu zango ukun farko a cikin ƙasa ake yin su, ko cikin kara, ko cikin dankali, inda feshi ba ya kaiwa. Ka fesa yau ka kashe manya, bayan kwana goma wasu sun fito daga ƙarƙashin ƙafarka. Mai lambu sai ya ce maganin jabu ne, ya ninka awo, alhali maganin ya yi iyakar abin da zai iya.

Mai tsalle na kuɓewa

Da shi zan fara, domin da wuya a shuka kuɓewa a gida ba a gamu da shi ba. Ɗan ƙarami ne, milimita uku zuwa huɗu, bai kai ƙwayar dawa ba. Kala biyu aka fi gani a Najeriya: ɗaya ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, ɗaya kuma bayansa baƙi mai sirkin shuɗi da sheƙi. Masana na kiran danginsu Podagrica. Cinyoyinsu na baya masu kauri ne, da su suke tsalle kamar ƙuma da zarar inuwar mutum ta faɗa musu. Abincinsu kuɓewa da 'yan gidanta, wato yakuwa da rama da auduga. A Sudan wani ɗan uwansu ne ke cinye audugar da ba ta daɗe da tsirowa ba. Macen na zuba ƙwai a ƙasa kusa da gindin shuka, tsutsar ta zauna tana gwaguyar ƙananan saiwoyi, manyan kuma su kan ɓuya a tsagar ƙasa da tarin busasshen kara su jira damina.

Ɓarnarsu hawa biyu ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Hujin ganye shi ne wanda ido ke gani, shi ne kuma ke tayar da hankali. Amma kuɓewar da ta kai gwiwa, tana samun ruwa da taki, ba ta cika damuwa da 'yan huji ba, domin tana fitar da sabon ganye fiye da yadda ake cinsa. Haɗarin yana cikin mako uku zuwa huɗun farko, lokacin da shukar ba ta da komai sai ganye biyu ko huɗu. Idan aka cinye waɗannan babu na baya, ko dai ta mutu ko ta tsumbure.

Hawa na biyu ya fi muni. Waɗannan ƙwari suna ɗauko ƙwayar cutar birus a bakinsu daga shuka mai ciwo su kai wa lafiyayya. Cutar na sa ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da ruwan ɗorawa a cakuɗe, shukar ta daina girma, 'ya'yan su ragu. Babu maganin feshin da ke warkar da ita. Idan na ga gindi ɗaya ya yi haka, tuge shi nake yi in fitar da shi daga lambun, ko da ya fara ɗaukar 'ya'ya. Yana da ciwo a zuciya, amma barinsa a wurin tamkar an ajiye wa ƙwarin rijiyar da za su riƙa ɗibar cutar ne. A kuma bambanta wannan da cutar da ke sa ganyen kuɓewa ya nannaɗe jijiyoyinsa su yi kauri. Waccan farin ƙuda ne ke yaɗa ta.

Tunda an san kwanakin haɗarin, a can ya kamata a zuba ƙarfi. Tokar murhu da ta huce, a tankaɗe ta, a zuba a tsohuwar safa ko ƙyalle mai laushi, a riƙa kaɗawa a kan ganyen da sassafe yayin da raɓa ke jiki. Ɗan siririn barbaɗe ya isa, kamar yadda ake barbaɗa wa fura gari. Toka ba ta kashe su, hana su jin daɗin cin ganyen take yi, kuma ruwan sama ɗaya ya wanke ta, sai an sake. Kada a tula ta a gindin shuka kullum, yawanta na ɓata ƙasa.

Sai rufi. Yadin raga mai ƙananan idanu, irin na gidan sauro wanda ba a sa wa magani ba, a ɗora shi a kan lanƙwasassun sanduna tun ranar shuka, a danne gefensa da ƙasa. Idon ragar ya fi ƙwaron ƙanƙanta, ba zai shiga ba. Gidan sauro mai magani na kwana ne, a bar wa yara abinsu. Sharaɗi ɗaya ne: kada a rufe fangalin da aka yi kuɓewa ko yakuwa a cikinsa a zagayen da ya wuce, domin in 'ya'yan ƙwarin na cikin ƙasar, an kulle ɓarawo ne tare da kaya. Akwai kuma dabarar kwali: a shafe shi da giris ko wani abu mai danƙo, a riƙa wucewa da shi dab da saman shukar. Suna jin motsi za su yi tsalle su manne. A lambu mai fangali uku ko huɗu wannan na rage su sosai.

Tagwaye biyu, ɗaya aboki ɗaya maƙiyi

A nan ne na yi asarar da na ba da labari, saboda haka zan ɗan daɗe. Akwai wasu ƙwari masu siffar 'yar ƙwarya a kife, zagayayyu, masu ɗige-ɗige, girmansu bai wuce rabin ƙwayar wake ba. Gida ɗaya suka fito, amma sana'arsu ta bambanta.

Na farko shi ne mai cin ganyen kabewa da kankana da gurji da kokwamba da guna, wanda aka fi sani da Epilachna. Kalarsa ja ce mai sirkin ruwan goro, da baƙaƙen ɗigo goma sha biyu, shida a kowane gefe. Jikinsa ba ya sheƙi, dusu-dusu yake saboda wani siririn gashi da ya rufe shi. Ba ya huda ganye ya wuce. Kankare naman ganyen yake yi ya bar jijiyoyi da wata fata shara-shara, in ka ɗaga ganyen ga rana sai ka ga kamar leshi. Bayan kwana biyu wurin ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Juya ganyen: za ka ga ƙwai ruwan ɗorawa a tsaitsaye, a jere wuri ɗaya, da tsutsotsi masu ƙiba, su ma ruwan ɗorawa, jikinsu duk ƙaya kamar 'yar bushiya. Uwa da 'ya'ya duk ganyen suke ci.

Na biyun sumul yake, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Wani baƙi ne da faci-facin rawaya da ruwan hoda, wani ruwan ƙwai ne da baƙin zane. Cheilomenes ake ce wa waɗanda aka fi gani a wajenmu. Wannan ba ruwansa da ganye, darɓa yake ci, gommai a rana. Tsutsarsa doguwa ce mai duhu, da ƙafafu shida a gaba, tana kama da ɗan mitsitsin ƙadangare, kuma ba ta zama wuri ɗaya, kullum tana yawon farauta. Mutane da yawa na murtsuke ta saboda muninta, alhali ita ma darɓa take ci.

Idan aka rasa tabbas, a dubi inda ƙwaron yake zaune. In a kan kankararren ganyen kabewa yake, babu darɓa kusa, maƙiyi ne. In a tsakiyar garken darɓa yake, a kan wake ko barkono ko kuɓewa, ganyen kuma babu karta, a bar shi ya yi aikinsa.

Maganin maƙiyin yana da sauƙi, domin shi ne kaɗai cikin waɗannan ƙwari masu ɓarna da ke yin dukan rayuwarsa a kan ganye, a fili. Sau biyu a mako a bi kabewar ana juya ganye, a murje ƙwan da yatsa, a kakkaɓe manya da tsutsotsi cikin roba mai ruwan sabulu. Sabulun ne ke sa su nutse, a ruwa zalla sukan yi iyo su fita. Gindin kabewa biyar ba zai ci minti goma ba.

Kabewa da kankana na da wani baƙon, ja ne shi ma ko ruwan lemo, amma dogo ne siriri, babu ɗigo, kuma da an matso yake tashi. Yakan zana da'ira a ganye ya cinye cikinta, tsutsarsa kuma na cin saiwa. Ga babbar kabewa ba wani abu ba ne, amma tsiro mai ganye biyu yana iya gamawa da shi a yini ɗaya. Shi ya sa nake zuba iri huɗu a rami maimakon biyu, in cire rarar bayan sun yi ƙarfi. Da sassafe jikinsa a mace yake saboda sanyi, a lokacin ake kama shi. In an yi wa dangin kabewa rufin raga, dole a yaye shi da zarar fure ya fito. Furensu akwai namiji akwai mace, ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin wancan ya kai wa wannan, in babu zuma babu ɗa.

Hangara

Duk wanda ya taɓa tashi da bororo a wuya ko hannu bayan ya shiga gonar gero ko wake ya san ta. Doguwa ce, takan kai santimita biyu ko fiye, wuyanta siriri, sulkenta mai taushi. Wadda ke zuwa lambu galibi baƙa ce mai ɗamarar rawaya ko ja. Fure take ci, na wake da na kuɓewa, ta zauna a cikinsa da rana tsaka ba ta tsoron kowa. Furen da aka cinye kuwa ɗa ne aka rasa, don haka ko 'yan kaɗan ne suka sauka a kan wake mai huda ana jin su a girbi.

Rashin tsoron nata na da dalili. A jikinta akwai wata guba mai suna kantaridin, wadda take fitarwa ta gaɓoɓin ƙafafunta in an matse ta. Ba a jin komai nan take, sai bayan sa'o'i fata ta tashi kamar ƙunar ruwan zafi. Kada a kama ta da hannu tsirara. A sa leda a hannu, ko a kara robar ruwan sabulu a ƙarƙashin furen a ɗan buga shi da tsinke, za ta faɗo. In ta sauka a jiki a hure ta, kada a mare ta. In an riga an murje ta, a wanke wurin da ruwa da sabulu nan da nan, kada hannun ya kai ga ido, kada kuma a fasa bororon. A gargaɗi yara, domin kalarta na jan su.

Gubar ba ta mutuwa da mutuwar ƙwaron. Hangarar da ta bushe cikin harawa na iya yi wa dabba illa, doki ya fi kowa rauni a kanta, saboda haka wadda aka kama a binne ta. Abin mamaki, tsutsar irin wannan hangara a cikin ƙasa ƙwan fara take ci. Tana yi wa manomi aiki tana ƙarama, ta cutar da shi ta girma. Wannan ya isa dalilin da zai sa a tsaya ga tsince wadda ta hau fure, ba sai an bi ƙasa da guba ba.

Masu aiki a ƙarƙashin ƙasa

Wanda ya haƙo dankalin Hausa ya yanka ya tarar da baƙaƙen hanyoyi a ciki, ya dafa ya ji ɗaci da wari, ya gamu da aikin wani ƙwaro mai suna Cylas. In ka gan shi za ka ɗauka tururuwa ce mai dogon baki. Macen na saka ƙwai a jikin dankalin ko gindin yaɗon, tsutsar ta shige ciki tana ci, dankalin kuma ya fitar da wani sinadari mai ɗaci don kare kansa. Ko huji kaɗan ne ya isa ya ɓata shi duka.

Lagonsa shi ne ba ya iya haƙa. Sai ƙasa ta tsage yake samun hanya, shi ya sa ɓarnarsa ta fi yawa bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da dankali ke girma yana tsaga kunya. A riƙa turo ƙasa ana rufe tsagar, a yi ban ruwa kada kunyar ta bushe ƙayau, a haƙe dankali da zarar ya ƙosa maimakon a bar shi ana ɗiba kaɗan-kaɗan har tsakiyar rani. Wajen dashe a yanki kan yaɗo, kamar santimita 30 daga tsini, domin ƙwai da tsutsa a tsohon gindi suke zama. Kuma kada a bar ruɓaɓɓen dankali a wurin bayan haƙa.

Gwazarma kuwa 'yar buzuzu ce da danginsa, fara, mai ƙiba, a lanƙwashe, da kai ruwan ƙasa. Ba duka ne masu laifi ba. Yawancin waɗanda ake tonowa a tarin taki ruɓaɓɓen abu suke ci. Ga wata alama: ajiye ta a fili, in ta juya ta kama tafiya a kan bayanta, ƙafafu a sama, 'yar taki ce. Wadda ake tuhuma ita ce wadda aka tono a gindin shukar da ta yi yaushi alhali ƙasa na da laima, ka ja ta ta taso ba saiwa. Kafin a kai taki fangali a baza shi a rana, a bar kaji da zabi su tone shi. Su ma fangalan a kafce su a sako kaji bayan girbi, amma a tsare su kafin sabon tsiro ya fito, don su ma ba su bar shi ba. Iyayen gwazarma kan fito da daddare bayan ruwan farko suna rububin fitila, kwanon ruwan sabulu a ƙarƙashin fitilar yana kama da yawa.

Alayyahu ma yana da nasa mai shiga kara. In ka ga gindi ya kumbura, shukar na yaushi ko tana karyewa, tsaga karan za ka ga farar tsutsa mara ƙafa. A tuge a ƙone, kada kuma a bar tsohon alayyahu yana tsaye sai wanda aka ware don iri.

Darbejiya, da kwalbar kanti

Bishiyar da ke ƙofar gidan kusan kowa, wadda wasu ke ce wa dogon yaro, wasu maina, wasu bedi, asalinta ƙasar Indiya ce, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Ƙarfinta na kashe ƙwari ya fi taruwa a ƙwayar da ke cikin ƙwallon, ganyen bai kai ta ba. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka zubo, a wanke naman, a shanya a inuwa su bushe sarai, domin mai laima yana yin funfuna. A fasa a fitar da ƙwayar a daka. Awon da aka saba shi ne giram 50 ga litar ruwa ɗaya, wato rabin kilo ga bokiti mai lita goma. A je wajen mai sikeli sau ɗaya a auna, a sami gwangwanin da ya yi daidai da awon a ajiye shi. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle sau biyu don kada ya toshe famfo, a narka ɗan sabulun wanki na sanda a ciki don ya kama ganye, a fesa a ranar, sama da ƙasan ganye. Garin sabulu mai ƙarfi na ƙona ganye, a guje shi.

Da yamma ake fesawa, saboda rana na kashe ƙarfin sinadarin, kuma a lokacin zuma ta koma gida. Wanda ke jiran ya ga ƙwari na zuba ƙasa zai ce bai yi aiki ba. Darbejiya hana ƙwaro cin abinci take yi, ta kuma hana tsutsa sauya fata ta girma. Ta fi tasiri a kan tsutsar Epilachna, manya masu taurin sulke kuwa korarsu take yi. Ana auna nasararta a jikin sabon ganye, in ya fito ba huji ta yi aiki. A maimaita duk mako, da kuma bayan ruwa mai ƙarfi. Ruwan taba da wasu ke jiƙawa ban yarda da shi ba: gubarsa na shiga ta fatar mai feshi, kuma yana iya kai wa tumatir da barkono cutar dabbare-dabbaren taba.

Ban ce maganin kanti haramun ba ne. Akwai shekarar da masu tsalle ke sauka da yawan da toka ba ta tare su, tsiro kuma na mutuwa a gaban idonka. A irin wannan hali feshi ɗaya da lamda-sihalotirin ko saifametirin a kan fangalin da abin ya shafa kaɗai, tun shukar tana ƙarama, yana ceton ta. Amma a nemi mai lambar hukumar NAFDAC, a bi awon da ke jikin takardar, ba murfi biyu don ya fi ƙarfi ba. A rufe hanci da hannu, a kawar da yara da kaji. Waɗannan magunguna na kashe zuma da kifi, don haka ba a fesa su kan fure, ba a kuma wanke famfo kusa da rijiya ko tafkin kifi. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma ta zuba man gyaɗa.

Abin da aka fi tsallakewa a takardar shi ne yawan kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. A nan ne lambun gida ya bambanta da gona. Kuɓewa in ta fara 'ya'ya duk kwana biyu ko uku ake tsinkarta, alayyahu da yakuwa kuma ganyen da aka fesa shi ne ke shiga tukunya. Wa zai iya tsare uwargida ko yaron da aka aika ya tsinko na miyar dare? Saboda haka ni da zarar shuka ta fara ba da abinci na rufe maganar kwalba. Fiya-fiya kuwa ba ta da gurbi a kan kayan miya ko kaɗan. Sinadarin da aka fi haɗa ta da shi, daikulobos, shi ne wanda yawansa a jikin busasshen waken Najeriya ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da shi a 2015.

Maganar wake ta kawo ni ga na ƙarshe, ƙwaron da ke huda shi a ajiya. Tun a lambu yake saka ƙwai a jikin kwanson da ya fara bushewa, ka shigo da shi ɗaki da hannunka. A tsince wake da zarar ya bushe, a sussuke, a baza shi a rana mai zafi, sannan a cika shi maƙil a jarka ko gora busasshiya mai murfi da ba ta shan iska. Ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Dabarar da buhun nan mai riɓi uku na Jami'ar Purdue ta Amurka ke aiki da ita ke nan. A bar murfin a rufe aƙalla wata biyu, ba a buɗewa ana leƙe.

Da an gama cin kuɓewa nake tuge karan in ƙone, in kafce fangalin in bar rana ta dake shi. Zagaye na gaba albasa ko latas ke shiga wurin, kuɓewa da yakuwa su koma ɗaya ƙarshen lambun, kabewa ta sauya katanga. A fili ɗan ƙarami wannan ba ya hana masu fiffike zuwa daga maƙwabta, amma yana hana su fitowa daga ƙarƙashin sabon tsiro a makonsa na farko. Ramar da ke fitowa da kanta a jikin katanga da bakin kwata ita ma ina cire ta, domin a kanta masu tsalle ke samun abin ci kafin a sake shuka.